Ƙayar Aduwa da Zaren Tumfafiya

Tun ina yaro, in aka kawo kifin banda gidanmu a Kano, abin da mahaifiyata take fara tambaya shi ne, "Na Nguru ne?" In mai talla ya ce na can ne, ba ta tsananta neman ragi. Haka na tashi da sunan garin a kunnena, ƙafata ba ta taɓa taka shi ba, har hutun Disamban bara da wani abokin aikina, malami ɗan ƙasar Haɗeja, ya ce mini kawunsa masunci ne a wani ƙauye kusa da Nguru, in ina so zai shiga da ni fadama in ga inda kifin yake fitowa. Kafin ya rufe baki na ce ina so.

Hanya ba ta da wani labari. Mota daga Kano zuwa Haɗeja, wata daga Haɗeja zuwa Nguru, hazo ya rufe gabas, ko'ina ana sussukar shinkafa. A Nguru ne layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe tun 1930, zamanin da gyaɗa da fatu da ƙaro suke cika taragu. Ni kuwa abin da ya cika mini ido shi ne kwalayen kifin banda, an ɗaɗɗaure da igiya an jibge ana jiran motocin kudu. Na kwana a garin, da safe ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyen.

Kawun abokina ya haura saba'in. Siriri ne, ba ya son yawan magana, tafin hannunsa kuwa da muka gaisa sai na ji kamar na kama ɓawon itace. Ina ce masa Baba, shi kuma tunda ya ji aikina koyarwa ne sai ya riƙe Malam, bai sake ba har muka rabu. Na ukunmu jikansa ne, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda Baba ba ya kira da komai sai "abokina", shi kuma yana ce masa "tsoho". Shirin shi ne mu tuƙa kwale-kwale zuwa bukkokin da masunta suke kafawa can cikin ruwa, mu yi kwana uku mu dawo. Kayanmu duka a buhu ɗaya: birgi, wato komar da ake jefawa, da mamari mai ƙugiya fiye da ɗari, da garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da sukari, da tocila.

Wanda bai shiga wannan fadama ba zai yi wuya ya yarda a Arewa take. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke gangarowa, sai su tarar da tsofaffin tuddan rairayi sun gitta musu hanya, su rarrabu reshe-reshe, su malale a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kafin su sake haɗuwa can wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe mai tafiya Tafkin Chadi. Da damina ruwa ya hau, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai ya yi ƙiba. Da kaka ruwa ya fara janyewa, kifi ya juyo neman kogi. Mun zo daidai lokacin janyewar. Agwagin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai sun cika wurin, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar an karkaɗe tabarma. Saboda tsuntsayen nan da dausayin ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin wuraren Ramsar, wato dausayoyin da ƙasashen duniya suka amince a kiyaye, a 2000, su ne na farko a Najeriya.

Amma Baba ba tsuntsaye yake kallo ba. Kacala yake kallo, ciyawar nan mai tsawon da ya wuce mutum, wadda ta tsaya dama da hagu kamar katanga. Ya ce da ƙuruciyarsa ba haka take ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da ƙarfinsa na dā wanda yake share hanyoyi, ya kuma daina ƙafewa ƙaf da rani a wasu wuraren. Kacala ba abin da take so irin ruwa kwance shekara zagaye. Ta toshe mashigai, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa.

Ita ce kuwa ta ja mana. Bayan la'asar muka iske hanyar da Baba ya saba bi a rufe, iska ta turo wani curin kacala mai yawo ya toshe ta. Muka ratse ta wata. Ba mu yi nisa ba sai ji muka yi ƙwas, gindin jirgi ya hau kan wani kututture da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Katako ɗaya ya ɓalle daga ƙusoshinsa, jirgin ya karkace, buhu ya sulale. Dalmar birgi ta ja shi ƙasa kafin wani ya miƙa hannu.

Yaron ya nutsa sau biyu ya fito hannu banza. Zai koma na uku Baba ya daka masa tsawa, wadda ita kaɗai na ji daga bakinsa duk tafiyar. Ruwa yana ja zuwa ƙarƙashin curin, wanda ya shiga ƙarƙashinsa kuwa ba zai ga sama ba balle ya san inda zai ɓullo. "Iya ruwa fid da kai," in ji shi. Muka dira, ruwa iya ƙirji, sanyi kamar ana yanka mutum, muka ja jirgin zuwa wani tudu mai goruba da muka hango.

Da muka zauna muka lissafa abin da ya rage. Wuƙar Baba da ke ɗaure a ƙugunsa. Tukunya ɗaya da buta, don an ɗaure su a jikin jirgi. Laita a aljihun yaro, wadda sai da ta bushe ta kama. Goro biyu. Wayata ta sha ruwa ta mutu. Ba wanda zai neme mu kafin kwana uku, tunda gida sun san muna bukkoki, mutanen bukkoki kuma ba su san da zuwanmu ba. Daren nan goruba muka gwaigwaya, muka tara busasshen kashin shanun da Fulani suka bari tun rani muka yi hayaƙi saboda sauro. Ban runtsa ba. Baba ya yi sallar isha'i ya kwanta ya yi barcinsa.

Da asuba, bayan mun idar, ya ce, "Malam, taso mu je kasuwa."

Tudun bai fi filin ƙwallo biyu ba. Ni abin da na gani daji ne kawai, ƙaya da rairayi. Shi kuwa yana tafe yana nuni da baki. Ya tsaya gaban tumfafiya ya ce ga zare. Gaban aduwa ya ce ga ƙugiya. Ya dafa kalgo ya ce ga igiya. Kabar da ta tsiro gindin goruba ya ce ga kwando, ƙaidajin bakin ruwa ya ce ga ƙashin kwandon. Sannan ya kai mu bayan tudun, inda wani siririn lambatu yake zubo ruwan wata 'yar fadama zuwa babban ruwa. Faɗinsa bai fi taku huɗu ba, zurfinsa iya gwiwa. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Ya jefa ganye ya ga inda ya nufa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ba za mu kwana da yunwa ba yau."

Da zare muka fara, don komai a kansa ya rataya, har gyaran jirgin. Ya hana mu taɓa ɗanyar tumfafiya, saboda farin ruwanta in ya shiga ido yana iya makanta mutum. Busassun rassa ya sa muka karyo, waɗanda suka mutu a tsaye ba su taɓa ƙasa sun ruɓe ba. Yana fasa reshe da gindin wuƙa, ya ɓare ɓawon a hankali daga sama zuwa ƙasa, ya murtsuke shi tsakanin tafukansa har dattin ya zube. Abin da ya rage wasu silalla ne farare masu sheƙi, sirara kamar gashi. Na sha wuce tumfafiya a bakin bola da kangon gidaje, ban taɓa sanin akwai wannan a jikinta ba.

Ya naɗe wando ya buɗe cinya. Ya ɗauki silalla ya raba biyu, ya ɗora su gefe da gefe, ya tofa yawu a tafi, ya murza su gaba, kowanne ya murɗe shi kaɗai. Sai ya janyo tafin baya, su biyun suka nannaɗe juna. Sirrin ke nan: kowane ɓari yana son ya warware, amma warwarewarsa ita take ƙara matse shi da ɗan'uwansa. In ɓari ɗaya ya kusa ƙarewa sai ya sa sabon sili a ciki ya ci gaba, kuma ba ya taɓa yarda ƙarin ɓarin dama ya zo daidai da na hagu, don nan zare yake tsinkewa. Kafin hantsi ya yi gaba goma sha biyu. Ni na yi gaba biyu, mai kauri nan siriri can, cinyata ta yi ja wur. Ya karɓa ya ja da ƙarfi bai tsinke ba, ya ce zai yi ɗinkin jirgi. Ya ba ni nasa ya ce in gwada. Na naɗa a hannu biyu na ja har ya shiga nama, zaren ko gezau.

Yana murzawa yana ba mu labari. Mahaifinsa bai taɓa sayen koma ba. Rama suke shukawa a bayan gida, su jiƙa ta a ruwa har ɓawon ya saki, su yi ta murza zare duk tsawon rani, sannan su saƙa. In an gama sai a dafa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema suke jima da su, a tsoma komar a ciki ta yi ja, don kada ta yi saurin ruɓewa. Duk da haka ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu. Na tambaye shi ko yana kewar wancan zamani. Ya girgiza kai. "Wahala ce, Malam. Nailan ya hutar da mu. Abu ɗaya ne kawai, komar rama in ta ɓace a ruwa takan ruɓe ta zama laka. Kallin nailan in ya ɓace, mai shi ya mutu ma yana nan yana kashe kifin da ba wanda zai ci."

Ƙugiyar ce ta fi ba ni mamaki, don ba ƙugiya ba ce. Na zaci zai nemo ƙaya mai lanƙwasa. Sai ya zaɓi miƙaƙƙun ƙayoyin aduwa, waɗanda suka ƙosa suka yi tauri, ya yanke kowacce daidai gaɓa ɗaya da rabi ta ɗan yatsa. Bakinta dama a fiƙe yake, sai ya fiƙe gindin shi ma, ya zama tsini biyu. Ya ɗan gasa su a bakin garwashi, ba har su ƙone ba. A tsakiyar kowacce ya zana tsaga kewaye da bakin wuƙa, ya ɗaura zare a cikin tsagar. Shi ke nan.

Yaron ya juya ta a hannu ya ce, "Tsoho, wannan ai tsinken sakace ne."

"To abokina, bari tarwaɗa ta yi sakacen mu gani."

Ga yadda take aiki. Ana kwantar da ƙayar ta bi tsawon zaren, a zura ta cikin tana ko ɗan ƙaramin kwaɗo har ta ɓace gaba ɗaya. Kifi ya haɗiye ta a miƙe, bai ji komai ba. Da ya juya zai tafi zare ya ɗame, tunda a tsakiya aka ɗaure, sai ƙayar ta gitta a maƙogwaronsa, tsini nan tsini can. Saboda haka ba a fizgarta kamar fatsar ƙarfe. Wanda ya fizga da wuri ya zare abinci daga bakin kifi. Kuma ba kowane kifi take kamawa ba. Karfasa mai ƙaramin baki sai dai ta tsattsage tanar ta bar maka ƙaya. Tarwaɗa ake nufi, mai faffaɗan baki da haɗama, wadda take kiwo da dare tana laluben abinci da gashin bakinta.

Sai maganar abin da zai nutsar da zaren. Na tashi neman tsakuwa, Baba ya ce in zauna, ko na shekara ina nema ba zan samu ba. Gaskiyarsa. Ƙasar nan duk rairayi ce da laka, babu dutse ko na jifan tsuntsu. Yumɓu ya sa yaron ya kwaɓo daga bakin ruwa, muka mulmula kamar goriba ƙanana, muka huda kowanne da tsinke, muka jera a rana. Da yamma muka binne su a garwashi. Rabinsu suka fashe don ba su gama bushewa ba, bakwai suka fito jajaye masu ƙarfi.

Kafin azahar yunwa ta fara murɗa mana ciki. Yaron ya shiga ruwa ya tono saiwar bado muka gasa, tana da gari-gari kamar gwaza, da ɗan ɗaci. Da ita muka samu ƙarfin kama aikin tarko, wanda ya ci mana sauran yinin.

Tarkon da masunta suke amfani da shi yanzu a duk yankin shi ne wanda suke kira mali, don daga masuntan ƙasar Mali aka koyo shi: ƙashinsa itace, rigarsa ragar nailan. Baba ya yi mana na kafin zuwan raga. Ya sa na saro tsumagun ƙaidaji na kankare ƙayoyinsu, aikin da ya bar mini hannu duk zane. Ya lanƙwasa uku ya yi zobba, babba da matsakaici da ƙarami. Ya jera miƙaƙƙun tsumagu kewaye da su, tsawon kamu uku, ya ɗaɗɗaure da ɓawon kalgo. Sannan ya tsaga kaba sili-sili ya shiga saƙa, yana ratsa sili biyu tsakanin tsumagun yana murɗawa, layi bayan layi. Tsakanin layi da layi yana sa yatsunsa biyu ya auna. Na ce me ya sa ba zai matse ba, kada ƙanana su fice. Ya ɗago ya dube ni. "Don su fice ɗin na bar shi."

Bakin tarkon shi ne gwanintar. Ya saƙa wani ƙaramin kwando mai siffar mazurari, faffaɗa a waje, tsukakke a ciki, ya cusa shi cikin babban ya ɗinke gefensu. Can cikin tsukakken wurin bai datse tsumagun ba, ya bar su zaƙo-zaƙo, fiƙaƙƙu, masu laushin lanƙwasa. Kifi in ya turo kai sai su buɗe masa. In ya juyo zai fita sai ya tarar da tsini yana kallonsa. Gindin tarkon kuma ya tattara shi ya ɗaure da zarge, wurin da za a kwance a zazzage.

Rana tana shirin faɗuwa muka kai shi lambatun. Muka kakkafa sanduna daga wannan gaɓa zuwa waccan, muka saƙa kacala a tsakaninsu ta zama shinge, wanda ya karkato daga gefe biyu ya tsuke a tsakiya. A tsukin Baba ya kwantar da tarkon, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake fitowa, ya danne shi da sanda mai baki biyu. Bai sa komai a ciki ba. Ya ce ba ya bukatar dusa, kifin da kansa yake neman hanyar fita, ya ji a jikinsa ruwan fadamar yana raguwa. Da damina ce da sai a juya bakin, don lokacin hawa yake yi. Na fahimci abin da ya tsuguna yana karantawa da asuba ke nan. Kwandon kowa zai iya koyon saƙa shi a yini biyu. Sanin inda za a ajiye shi, da inda bakinsa zai kalla, da watan da ake ciki, wannan shi ne su ɗin.

Zaruruwa bakwai kuma muka ɗaura su a jikin ɗanyun sanduna masu lanƙwasa, muka kafa a bakin babban ruwa inda inuwar ƙaidaji take. Sandar tana bin kifi in ya ja, tana dawo da shi in ya gaji, zare ba ya samun abin da zai tsinke a kansa.

Ana kiran magariba a zuciyarmu, don ba ladan a wurin, yaron ya zo da gudu ya ce sanda ɗaya tana rawa. Baba ya ce a bar ta mu yi salla tukuna. Da muka sallame ya je ya jawo zaren a hankali, hannu bayan hannu, ya sa yatsu a bayan kan kifin ya ɗago. Tarwaɗa ce, tsawonta daga yatsa zuwa gwiwar hannu, baƙa sumul tana sheƙi a hasken wuta. Da ya farke ta ya nuna mana ƙayar a gicciye can cikin wuya, daidai yadda ya faɗa. Muka gasa ta a kan ɗanyun tsumagu. Babu gishiri, babu yaji. Na ci kifi a wurare da yawa, amma ban taɓa sanin tarwaɗa tana da zaƙi nata na kanta ba sai daren nan.

Da safe zare uku sun kama, biyu an cinye tanar, ɗaya ya tsinke, ɗaya ba abin da ya taɓa shi. Tarkon kuwa da ƙyar yaron ya ɗago shi. Karfasa ce ta fi yawa, sai kurungu guda shida suna ta gurnani, sai kawara. Baba ya gargaɗe ni da ƙayar kurungu, wadda take miƙewa ta kulle, in ta soki mutum ya yini yana jin zafi. Yaron ya zura hannu zai zaro wani mai taushin jiki sai ya yi ƙara ya yarfe hannu. Minjirya ce ta ba shi wuta. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce abokinsa ya gaisa da sarauniya.

Ranar ce aka yi 'yar gardama tsakaninsu. Yaron ya gano wani kududdufi da ruwa ya yanke ya bari, cike da kifi. Ya ce a daka ɓawon aduwa a zuba, yanzu duk su taso sama, ya ga ana yi. Gaskiya ne, ɓawon aduwa da 'ya'yanta suna da wani abu mai kumfa da yake hana kifi numfashi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mu uku ne. Ciki uku. Abin da ke kwandon nan ya ishe mu har mu yi banda. Wancan ruwan in ka zuba masa magani, uwa da 'ya'ya da jikoki za ka kashe, ka ɗebi goma ka bar dubu suna wari. Sarkin ruwa ya ji ka yi haka a gida, ka san sauran." Sai ya juyo gare ni ya ce abin da yake ci masa rai yanzu ba ma magani ba ne, gidan sauro ne. Ana raba shi don a kare yara daga zazzaɓi, wasu su ɗinke shi su ja a ruwa su kwashe 'ya'yan kifi da ba su kai farce ba, sannan baɗi su zo suna cewa kifi ya ƙare.

Ni malamin aikin gona ne. Shekara da shekaru ina zana kifi a allo ina rubuta sunayen sassan jikinsa, ina karanta wa ɗalibai babin kiyaye albarkatun ruwa. A tudun nan na ga babin a tsaye da ƙafafunsa, cikin tazarar yatsu biyu da dattijo ya bari a jikin kwando. Abin ya dame ni, har yanzu kuma yana damuna, don irin su Baba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna ya karɓa daga hannunsu. Shi kansa jikan nasa, da aka haifa a bakin ruwa, sai da buhu ya nutse ya ga yadda ake murza zaren tumfafiya.

Sauran yinin da na washegari jirgi suka tafi. Muka kife shi, Baba ya zare ƙusa ɗaya ya riƙa gasa ta a wuta yana huda katakon da ya ɓalle da na kusa da shi, huda biyu-biyu suna kallon juna. Ya tufka zarenmu riɓi uku ya ɗinke su kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, ya cusa tsumman da muka yago daga rigata a tsagar, ya narka gefen silifas ɗin yaron ya liƙe. Mu kuwa murza zare kawai muke yi, ba dare ba rana. Kifin da ya rage muka tsaga muka jera a kan ragaya bisa hayaƙi mai sanyi, ya yi ja ya bushe.

Yana cikin hudar ne na ba shi labarin kwale-kwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jiharsu ta Yobe, ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994 sai ga jirgi sassaƙaƙƙe, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa wajen 8,000, babu wanda ya girme shi a duk Afirka. Yana Damaturu yanzu. Na ce masa lokacin ba a san ƙarfe ba, da dutse aka sassaƙa shi. Baba ya ajiye ƙusar ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe ko wuƙa ba su da ita. To mu ai masu arziki ne a tudun nan." Ya sa na maimaita masa yawan shekarun sau biyu.

Safiyar rana ta huɗu muka tura jirgin ruwa. Yana ɗan tsatsa, amma abin da buta za ta iya kwashewa ne. Mun riga mun loda bandarmu Baba ya ce mu jira. Ya koma bayan tudun shi kaɗai. Na bi shi na tarar yana tuge sandunan shingen ɗaya bayan ɗaya yana watsar da kacalar, har lambatun ya koma yadda muka same shi. Tarkon ya ɗauko ya kwance gindinsa ya rataya a wuya.

Ba mu ƙarasa bukkokin ba, gida muka juya. Kwana biyu bayan haka muka shiga Nguru tare, don na rantse sai na mayar masa da abin da ya nutse, ya ƙi, ya ƙi, har dai ya haƙura. A rumfar masu kayan su ya zaɓi birgi, ya ɗaga shi sama yana duba idanunsa da yatsa, ya ajiye wani mai ƙananan ido ya ɗauki mai manya. Ya sayi ƙugiya kwali biyu da ƙullin zaren nailan, ya gwada shi da haƙori. Ciniki ya yi tsawo, don mai rumfar tsohon saninsa ne, sai da aka ba shi labarin kututture tun daga farko. Yaron ya gaji da tsayuwa ya zauna a kan benci. Da na waiwaya na gan shi ya naɗe wando, ya zaro wani ɗan curin farin sili daga aljihu, ya tofa yawu a tafi yana murzawa a cinya.